Malam Wa-ya-ce da Kwafin Rajistar Maƙabarta

Tun yana aiki a gidan waya aka raɗa masa Wa-ya-ce, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Ko cewa ka yi ana gaishe shi, sai ya leƙo ka ta saman tabarau ya tambaya, "Wa ya ce?" Shekara ashirin da shida ya yi yana jera wasiƙu cikin akwatuna, a nan ya saba da juya takarda gaba da baya, ya ɗaga ta a haske, kafin ya yarda da ita. Matarsa takan ce ko ruwa ta miƙa masa sai ya leƙa ƙasan kofin. Ba mugun mutum ba ne, Allah Ya sani. Bai taɓa cin amanar kowa ba, shi dai bai ga dalilin da zai sa ya ɗauka kowa ma haka yake ba.

Da ya yi ritaya, kwamitin maƙabarta suka nemi wanda zai riƙe musu rajista, aka ce ai ga Malam. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bakin ƙofa, da tebur, da fanka mai ƙara, da bencin masu jira, da taga da ke kallon layukan kaburbura har zuwa katangar gabas. Duk wanda aka kawo, shi zai rubuta sunansa da ranar da aka rufe shi da layi da lamba. Idan dangi suka zo ziyara bayan shekaru, suka tsaya suna waige-waige don ciyawa ta rufe komai, shi ne zai duba ya ce musu layi kaza, na kaza daga bango.

A shekararsa ta uku rufin ofishin ya yi yoyo a kan kabad. Littattafai goma sha ɗaya suka jiƙe, abin da ruwa ya bari gara ta bi. Ƙanwar matarsa ce ta ceci al'amarin. Aikin kwamfuta take yi, kowa Injiniya yake ce mata, har 'ya'yan cikinta. Ita ta kama musu hayar na'ura a gajimare. Malam ya tambaye ta ina na'urar take ya je ya gani, ta ce ba a ganin ta, yanki ne aka yankar musu daga wata babbar kwamfuta a ɗakin wani kamfani can nesa, shi ta intanet zai riƙa shiga. Kwana uku bai yi mata magana ba. Daga baya dai ya zauna, da yatsa biyu, ya kwashe wata goma sha tara yana shigar da sunaye daga shafukan da ke yagewa a hannunsa. Da ya gama, littattafan sun zama gari. Suna dubu bakwai da ɗari huɗu da 'yan kai, babu su a ko'ina cikin duniya sai a na'urar da bai taɓa gani da idonsa ba.

Shekara takwas abin na tafiya lafiya. Sai kamfanin suka fara aiko saƙo cewa babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ta tsufa, masu yin ta sun daina yi mata faci, a sabunta ta kafin ɓarayin intanet su sami ƙofa. Malam ya karanta na farko ya goge. Ya goge na biyu. A ganinsa duk saƙon da ke cewa yi maza, ɗan damfara ne ya rubuta shi. Sai da ya goge goma sha shida kafin Injiniya ta ji labari, ta bakin yayarta.

Akwai kuma wani abu da ke cin ransa a kwanakin. Mai gidan bulo da ke bayan katangar gabas ya daɗe yana cewa layi biyun ƙarshe filinsa ne, babu kowa a ƙarƙashi, a matso da katanga. Abin da ya tsaya masa a wuya rajistar ce, don ta nuna mutum ɗari biyu da goma sha huɗu kwance a wurin. Makon da ya wuce kuwa, Malam ya hangi motar Injiniya, 'yar ja mai lanƙwasasshen bamba, a ƙofar gidan bulon tun hantsi har azahar. Bai faɗa wa kowa ba. Ya dai ajiye abin a ransa.

Ranar Talata da safe Injiniya ta shigo da jakar kwamfutarta a kafaɗa.

"Mijin yaya, ina kwana? Yau za mu yi wa tsohuwar na'urarka wanka."

"Wa ya ce tana da dauɗa?"

"Kamfani ya ce, sau goma sha shida, kai kuma ka share su kamar kana sharar tsakar gida. Matsa mini in zauna."

Ya matsa kaɗan, iya inda kujerarta za ta shiga, ba ƙari. Ya gyara tabarau, wanda ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare.

"Motarki lafiya dai? Na ga kwana biyu tana yawo ta bayan katanga."

"Kyamara na saka wa mai bulo, ɓarayi sun ishe shi. Ko shi ma sai na kawo takarda ka sa hannu?"

Malam ya kau da kai. Amma ya lura amsar ta fito da sauri, kamar an tanade ta tun daga gida.

A kwamfutar ofishin ta buɗe shafin kamfanin, inda ake ganin na'urarsu. Shekara takwas, duk safiya Malam sai ya leƙa shafin nan, kuma layi ɗaya yake gani, da sunan na'urar da ɗigo kore a gefe. Ta danna nan ta danna can, sai ga layi na biyu ya fito a ƙasa, da suna irin na farko.

"Wannan fa?"

"Kwafi ne. Kafin in taɓa komai sai na ɗauki na'urar ɗungurungum yadda take yanzu, na ajiye. In aiki ya ɓaci, mu koma kansa kamar ba a yi komai ba."

"In kin iya aikin me zai ɓaci?"

"Kai mijin yaya! Direban da ya iya tuƙi ba ya ɗaukar safaya?"

"Duk sunayen suna ciki?"

"Har da waƙafi."

Ta buɗe tata kwamfutar ta fara. Allon ya yi baƙi, fararen rubutu suka shiga gudu daga ƙasa zuwa sama, ido ba ya iya kama su. Jifa-jifa sai su tsaya cak, na'ura ta yi tambaya. Duk tsayawa sai Malam ya miƙo wuya.

"Me ta ce?"

"Ta ce in bar tsohon tsari ko in sa sabo."

"Bar tsoho."

"Shi na bari, ranka ya daɗe. Ka sha shayinka ya huce."

Shayin ya huce bai sha ba. Idonsa yana kan yatsunta, yana ƙirga sau nawa ta danna abin da ba ta karanta masa ba.

Gab da azahar wani mutum ya yi sallama. Zai kai shekara hamsin, da jakar tafiya a hannu, rigarsa duk ta yamutse da zaman mota. Ya ce kwana biyu ya yi a hanya. Mahaifiyarsa ce aka rufe a nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, shi yana can wajen aiki bai sami zuwa ba, ƙanensa da ya san wurin kuma ya rasu bara. Motar komawa bayan la'asar za ta tashi. Ya faɗi sunan mahaifiyar a hankali, kamar yana tsoron kada ya faɗi ƙasa.

"Baba, ko minti biyar ne in tsaya a kanta."

Injiniya ta ce ya yi haƙuri, rajista a rufe take sai an gama, bai fi awa ɗaya ba. Mutumin ya zauna a benci ya rungume jakarsa.

Aka kira salla. Baƙon ya nufi ɗan masallacin bakin ƙofa, Injiniya ta ɗauki buta ta zagaya baya, ta ce kada a taɓa mata komai, rubutun zai ci gaba da kansa. Malam ya ce yana zuwa. Allah Ya yafe masa, jam'in azahar ya wuce shi a ranar.

Ya zauna shi kaɗai da fanka, yana kallon layi biyun nan na shafin kamfanin. Rajista biyu! A gidan waya, in ka ga wasiƙa biyu da lamba ɗaya, to ɗaya ta ƙarya ce, bai taɓa ganin an saɓa ba. Ya shiga lissafa yadda za a yi. A bar masa ta gaske yau ya gani ya kwantar da hankali. Ita kuwa ta biyun a ɗauke ta a gyara a ɓoye, a zare sunayen layin gabas ɗaya bayan ɗaya, wata rana a musanya. Ya tashi da safe ya buɗe, ya ga wurin fili ne tun fil'azal. Wa zai ƙaryata? Littattafan sun zama gari. Ya ɗaga kai ta taga, ya hangi saman tulin bulo ya leƙo ta kan katanga.

Yaren shafin ba ya jin sa sosai, amma ya san hoton kwandon shara. Ya kai kibiya kan layi na biyu ya danna. Na'ura ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna. Ta sake cewa sai ya rubuta sunan abin da hannunsa. Wannan ma ya burge shi, ya ce ashe akwai mai hankali a kamfanin. Da yatsa biyu ya rubuta, harafi bayan harafi. Layi ya koma ɗaya. Ya rufe shafin, ya ɗauki buta.

Da ya dawo ya tarar da ita zaune tana gyara mayafi. Rubutun ya daina gudu.

"An gama. Saura in kashe ta in kunna, sai ta tashi da sabon jiki. Yi bisimilla."

Ya yi. Suka jira minti uku, baƙon ma ya taso ya tsaya a bayansu. Ɗigon ya yi ja, ya yi rawaya, ya koma kore. Injiniya ta buɗe rajista. Kan shafin ya fito daidai, da gurbin suna da na rana da na layi da na lamba. Ƙasa kuwa fari fat. Ko suna ɗaya babu.

Malam ya matso kusa da allon. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne, ashe ba ma layin gabas kaɗai ba, duka ta kwashe.

"Ina mutanena?"

"Kwantar da hankalinka, wani abu ne bai hau daidai ba. Ai don irin wannan na ajiye kwafi. Minti goma mu koma yadda muke da safe, a sallami bawan Allah, ni kuma in bincika a tsanake."

Ta buɗe shafin kamfanin. Ta duba. Ta sake loda shi. Ta matso da fuskarta kusa da allon.

"Innalillahi. Ba ya nan."

Ta juyo da sauri ta kalli ƙofa, ta kalli baƙon har sai da ya ja da baya. Ta ce wani ya shiga, wataƙila ɓarayin da kamfani ke faɗa sun riga su. Wa ya san kalmar sirri ban da su biyu? Ko Malam ya taɓa rubuta ta a takarda? Ya taɓa ba ɗan kwamiti? Malam ya ce a'a, a'a, muryarsa a can ƙasa. Ta ce bari ta duba, ai shafin yana rubuta duk abin da aka yi da lokacin da aka yi shi. Ta buɗe wani wuri ta bi da yatsa. Yatsan ya tsaya.

"Ƙarfe ɗaya da minti arba'in da biyu. Daga wannan ofishin."

Fanka ta yi ta ƙararta. Baƙon ya koma benci a hankali.

"Ni ne," in ji Malam.

"Kuskure ka yi? Hannunka ne ya taɓa?"

Da ya ce eh da an wuce wurin. Amma shi ba ya ƙarya, ko ta rufin asiri.

"Sau biyu na'ura ta tambaye ni. Na ga motarki a gidan bulo."

Ta daɗe tana kallon sa kafin maganar ta isa inda za ta. Da ta isa, ba ta ɗaga murya ba.

"Babanmu yana layin gabas, Malam. Na tara daga bango. Ku kuka rubuta shi da hannunku, ku kuka shiga ramin kuka karɓe shi."

Ya sani. Wallahi ya sani, ko a mafarki aka tashe shi zai faɗi lambar surukinsa. Amma duk lissafin da ya zauna ya yi ɗazu, ko sau ɗaya tsohon bai faɗo masa a rai ba.

Daga nan ba ta ƙara ce masa mijin yaya ba. Ta juya ga kwamfutarta, baƙin allon ya dawo, ta shiga rubutu tana tsayawa tana karantawa. Ya tambaye ta ko sunayen suna nan a wani wuri. Ta ce ba ta sani ba. Ko suna nan na'ura ta kasa ganin su, ko sabuwar manhaja ta bi ta kansu ta shafe. In na biyun ne, to sai dai haƙuri.

Malam ya koma wajen baƙon ya zauna a bakin benci. Ya ce ya sake faɗa masa sunan. Ya rufe ido. Ya tuna sunan sarai, ya tuna ranar an yi ruwa har masu haƙa suka yi ta kwashe laka da kwano. Amma layin? Ko ashirin da wani abu, ko talatin da wani abu. Tsohon mai haƙan da ya san wurin kamar tafin hannunsa shi ma yana ciki yanzu. Baƙon ya duba agogo, ya ce ba komai Baba, Allah bai nufa ba. Wannan "ba komai" ta fi zagi zafi. Malam ya kalli taga. Mutum dubu bakwai da ɗari huɗu, ban da waɗanda aka ƙara daga baya, ga su nan kwance reras, kuma in abin ya tafi, babu mai iya cewa wane ne wane.

Ana gab da kiran la'asar Injiniya ta yi ajiyar zuciya.

"Faifan da sunayen ke ciki yana nan. Sabuwar manhaja ta canza masa suna. Da na'ura ta tashi ta neme shi da tsohon sunan ba ta same shi ba, shi ne ta buɗe muku sabon littafi fari."

"To ki haɗa su mana."

"Ban san ko lafiya yake ba tukuna. Kafin in taɓa shi sai na ɗauki kwafi. In za ku goge ku faɗa mini tun yanzu, kada in wahalar da kaina."

Malam ya tashi ya ɗauki kujerarsa ya kai ta bakin ƙofa, ya zauna ya sa hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Daga can ya ga layi na biyu ya sake fitowa. Ta gyara rubutu ɗaya tak a cikin wani dogon shafi, ta kashe na'urar ta kunna. Wannan karon ba ta ce ya yi bisimilla ba, shi ya yi da kansa, a ɓoye.

Shafin ya buɗe baƙi ƙirin da sunaye.

Baƙon ya miƙe yana hamdala. Malam bai yi ba tukuna. Ya matso, ya ce ta buɗe masa layin gabas. Ya bi su da yatsa a kan allon, leɓɓansa na motsi, bai tsallake ko ɗaya ba, har ɗari biyu da goma sha huɗu. Da ya zo kan na tara ya ɗan dakata. Ita tana naɗe wayar caja a hannunta, ba ta ɗago ba. Sannan ya rubuta sunan mahaifiyar baƙon. Layi na talatin da ɗaya, na goma sha bakwai daga bango.

"Gobe zan dawo in cire muku ikon gogewa," in ji ta. "Ku rubuta, ku duba, shi ke nan."

"To."

"Kuma kwafin nan zai zauna. Duk mako ma sabo zai riƙa fitowa."

"To. Injiniya... yayarki..."

"Ni ma ba na so ta ji. Babanta ne."

Ta rataya jakarta ta fita. Ya ji tashin motar, bai leƙa ya ga ina ta nufa ba.

Ya ɗauki sandarsa ya ce wa baƙon ya biyo shi. Suka bi ta tsakiyar hanya, Malam yana ƙirga layuka da kan sanda. A na talatin da ɗaya suka karya, suka shiga ciyawa har gwiwa. Ya fara daga bango, ɗaya, biyu, uku, yana taka gefe a hankali kada ya hau kan kowa. A na goma sha bakwai ya tsaya. Tudun ya kwanta, kusan ya yi daidai da ƙasa, babu allo babu komai.

Baƙon ya dubi wurin, ya dubi na kusa da shi, duk kamarsu ɗaya.

"Baba, ku yi haƙuri. Ɗazu na ga na'urar nan babu komai a cikinta, yanzu kuma ta cika. Kun tabbata ita ce? Kada in yi kwana biyu a hanya in tsaya a kan uwar wani."

"Ka yi daidai da ka tambaya," in ji Malam.

Ya jingine sandar, ya durƙusa da ƙyar ta wajen kai, ya shiga buɗa ciyawa da hannu yana tona ƙasa da yatsu. Can ya taɓa ƙarfe. Ɗan faranti ne kamar tafin hannu, irin wanda masu haƙa ke kafawa ranar rufewa, tsatsa ta cinye gefensa. Ya goge shi da bakin rigarsa, ya karkata shi wajen rana, ya ce wa mutumin ya sunkuyo ya karanta da kansa.

Mutumin ya karanta. Talatin da ɗaya, goma sha bakwai. Ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya cire takalmi.

Malam ya dafa sanda ya miƙe, ya ja baya zuwa bakin hanya, ya juya masa baya don ya sake. Aka kira la'asar yana nan tsaye, da ƙasa a gwiwoyinsa, yana jiran mutumin ya gama.